AMSOSHIN TAKARDUNKU: Me Ya Sa Tafkin Chadi Ke Ja Da Baya?

Wani mai sauraronmu daga Baga a Jihar Borno ya aiko mana da takarda, yana son ya san dalilin da ya sa ruwan Tafkin Chadi ya janye daga inda iyayensu suka san shi, kuma ko gaskiya ne wata rana zai ƙafe ƙurmus.

To malam, mun gode. Da farko dai, shi wannan tafki kamar faranti yake: ga faɗi, amma zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba. Saboda haka ruwa na yin ƙasa kaɗan, sai ka ga gaɓa ta yi nisa. Ga shi kuma rana da iska suna shanye ruwan da ya kai zurfin mita 2 kowace shekara. In ba a mayar da wannan ba, dole tafki ya ragu.

Wa ke mayarwa? Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke kawowa daga Shari da Logone yake, waɗanda suka taso daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru, suka haɗu a Njamena. Namu Komadugu Yobe ɗan kaɗan yake kawowa, kuma madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun ƙara rage shi. Ke nan daminar can kudu mai nisa ce ke riƙe da tafkin.

A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da aka yi farin 1972 zuwa 1973, sai wani tudu ya fito a tsakiya ya raba shi biyu, kwarin arewa da na kudu. Shari a kwarin kudu yake zuba, sai ruwa ya tsallake tudun kafin na arewa ya samu. Shi ya sa mutanen Ngigmi a Nijar suka fi jin jiki. Bayan farin 1984, ruwan da ake gani bai wuce murabba'in kilomita 2,000 ba.

Amma fa wannan ba yau aka fara ba. A wajen 1908 ma kwarin arewa ya bushe, daga baya ya cika. Can da, shekaru dubbai da suka wuce, gaɓar tafkin tana nan inda tudun Bama da Maiduguri yake.

Tun daga shekarun 1990 damina ta ɗan gyaru, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna tafkin ya daina raguwa, sai dai ciyayi sun lulluɓe ruwa mai yawa. A 2022 da 2024 ma ambaliya aka yi.

Don haka malam, tafki ne mai tafiya da dawowa. Wanda ke noma a inda ruwa ya janye, ya riƙa sauraron labarin cikar Shari, domin ruwan kan iso ne bayan damina ta wuce, wajen watan Nuwamba zuwa Janairu.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.