Dabarar Turke: Daga Inuwar Karaye Zuwa Allon Darar Turawa

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Karaye da Rogo, sai dara ta kankama a gindin itatuwa. Gurabe 30 ake haƙawa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa.

Ma'aikata da ɗalibai da yawa sun ɗauki wannan wasa a matsayin aikin marasa abin yi, alhali suna ganin girman darar Turawa, watau cas, mai gidaje 64. To, amma wata babbar dabarar cas tana nan cikin darar gargajiya.

Dabarar ita ce ɗaure ɗan abokin gaba kamar akuya a turke. A cas, sarauniya ko hasumiya ko bishof ke auna ɗan da ya tsaya a gaban wani mafi daraja. In ya gusa, na bayansa ya halaka. Idan kuwa sarki ne a bayan, doka ma ta hana shi kaucewa daga layin. Da irin wannan ɗauri ne Paul Morphy na Amurka ya kayar da wasu manyan sarakai biyu a birnin Paris a 1858, cikin tafiya 17 kacal.

A dara kuwa, gwani yakan jera biyu, ya ajiye na uku a gefen gurbin da zai cika layin. Dole abokin wasa ya toshe gurbin, kuma ɗan da ya toshe ya shiga turke ke nan: ya ɗaga, a ci shi. Daga nan sai gwanin ya bi sauran hanyoyi yana rufewa, har tafiya ta ƙare wa mutumin, ya janye mai gadin da hannunsa.

Darasin ɗaya ne: ɗan da aka ɗaure yana cikin lissafi, amma ba ya cikin yaƙi, don haka mai ƙidaya 'ya'ya kawai yana iya ruɗin kansa. Makarantun da ke son koyar da cas a wannan yanki ba sai sun fara daga tushe ba, gama malaman farko suna zaune a inuwa. In aka yi sakaci suka shuɗe da iliminsu, to, dara ta ci gida.