Kwana Biyu a Kano: Masauki da Sayayya

Wannan 'yar takarda an shirya ta ne domin iyayenmu hakimai da malamansu, waɗanda wata bukata ta kan kai su Kano a ƙarshen mako, watau su taso ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, su koma ran Lahadi don su riski ofis ran Litinin da safe. Galibi bukatar ba ta wuce kayan hawan Salla, ko kayan auren 'ya, ko tufafin iyali da na barori. Sau da yawa ma hakimi ba ya zuwa da kansa, sai ya danƙa wa malaminsa kuɗi da takardar abin da ya ke so. To, kuɗin nan amana ne, lokacin kuwa kaɗan ne, gama in an duba sosai kwana biyun nan yini ɗaya ne tak na ciniki, watau Asabar.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su fara kama masauki, sa'an nan da safe su tambayi hanyar kasuwa. A Kano wannan shiri a baibai ya ke. Garin ba kasuwa ɗaya gare shi ba, ko wace kasuwa da irin hajarta, wata kuma tana wannan gefen gari wata tana wancan, tsakaninsu ga cunkoson motoci da ya kan cinye wa mutum awa guda bai sayi ko allura ba. Saboda haka abin da ya kamata shi ne mutum ya zauna tun yana gida ya rubuta abin da zai saya, ya san kasuwar da a ke sayar da shi, kāna ya nemi wurin kwana kusa da ita. Fataken dā haka su ke yi. Falke ya kan sauka ne gidan fatomansa a Fagge ko cikin birni, shi fatoman ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, a ci la'ada. Masauki da ciniki a lokacinsu abu ɗaya ne. Yau fatoma ya yi ƙaranci, ya zama baƙo shi zai yi wa kansa wannan tunani.

Kasuwanni

Wanda ya zo neman kayan sarauta, Kasuwar Kurmi zai nufa, a tsakiyar birni, gefen Jakara. Ita ce uwar kasuwannin Kano, Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A nan a ke samun sirdi da linzami da likkafa da jalala, da sauran kayan adon doki, da aikin dukawa irin su jaka da takalma da tintimi, da rawuna da huluna, da turare, da littattafan addini. Lungunanta ƙunci gare su, mota ba ta shiga, kuma ko wace sana'a da layinta, don haka in ka sami mai sirdi ɗaya ka sami saura, sai ka taya nan ka taya can kafin ka yanke. Shawarar da za mu bayar a nan ita ce, kayan fata da na doki kada a saye su da ido kaɗai. A juya sirdi a dubi itacensa, a ja ɗinkin fata a ga ko zai buɗe. In kuwa aikin da a ke so na musamman ne, to kada a sa ran ɗaukarsa a wannan zuwan. A ba da aiki, a yi wa'adi a gaban shaida, a biya rabi. Wanda kuma ya bari sai saura mako guda Salla, zai tarad da masu sana'a aiki ya yi musu yawa, abin da ya rage a rumfa kuwa shi ne wanda wasu suka tsallake.

Tufafi kuwa sai Kantin Kwari, a Fagge. A dā kantunan Kwarori ne, mutanen Siriya da Labanan, amma yanzu kasuwar ta koma hannun 'yan ƙasa, ta kuma bunƙasa har 'yan kasuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru su kan zo sari. Shadda da atamfa da leshi da yadi, babu irin wanda babu. A nan ne kuma baƙo ya fi bukatar natsuwa. Tun da yawancin masaƙun Kano da Kaduna suka durƙushe, mafi yawan kayan da ke Kwari daga waje a ke shigo da su, musamman daga ƙasar Sin, kuma kusan ko wane yadi mai suna yana da na kwaikwayo, har da tambarinsa. Shadda Getzner ta ainihi a ƙasar Ostiriya a ke saƙa ta, atamfar Holan ta ainihi kuwa a Holan, kuma kuɗinsu ya ninka na kwaikwayon nesa ba kusa ba. Ba laifi ba ne mutum ya sayi na kwaikwayo in dai ya san shi ya saya, ya kuma biya kuɗinsa. Abin kunya shi ne malami ya kai wa ubangidansa shadda da sunan ta ƙwarai, a yi wanki ɗaya ta kwanta. Mai shago na kirki in ka tambaye shi kai tsaye zai faɗa maka wannan lamba ɗaya ce, wannan ta biyu ce. Turmin atamfa yadi shida ne, a sa a auna a gabanka.

Tun daga bakin kasuwar samari za su tarye ka, ko wane yana cewa ya san inda kaya su ke da sauƙi. Su ma neman halak su ke yi, amma a sani ladarsu a kan kuɗin kayanka a ke ɗora ta. In kana da wani amintacce ɗan gari, ka tafi da shi. In babu, ka shiga shago uku ka ji kuɗi kafin ka fid da ko kwabo.

Kasuwar Sabon Gari ita ce ta kayan ɗaki da na girki da na lantarki da sauran tarkace, masu shirin kai amarya can su kan ƙare. A takardun hukuma sunanta Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, to kada a ruɗe, akwai wata dabam cikin birni da a ke kira Kasuwar Rimi, wajen Ƙofar Mata. In ka ce wa mai adaidaita sahu ya kai ka Rimi, can zai kai ka. Kusa da Sabon Gari da Kwari akwai Kasuwar Singa, inda a ke sarin sukari da shinkafa da fulawa da sabulu da man girki, buhu-buhu da katan-katan. Robobi da kayan gwanjo sai Ƙofar Wambai. Waya da kayanta sai Farm Centre. Hatsi da riɗi da zoɓo kuwa sai Dawanau, can bayan gari a kan hanyar Katsina, amma mutumin da ya fito daga ƙasar noma ba safai ya ke zuwa Kano sayen gero ba.

Akwai kuma manyan kantuna irin na zamani, yawancinsu a kan titin Gidan Zu, kamar Sahad da Ado Bayero Mall wanda aka buɗe a 2014. A cikinsu ba a tayi, ko wane abu da kuɗinsa a rubuce. Amfaninsu ga baƙo shi ne su kan kai dare a buɗe, saboda haka in ka iso Jumma'a da magariba sai ka leƙa ka ga kuɗin abubuwa, gobe ka shiga kasuwa da masaniya.

Masauki

In an lura za a ga Kwari da Singa da Sabon Gari da Wambai duk maƙwabtan juna ne, Kurmi ma ba ta yi nisa da su ba. Wanda sayayyarsa ta tsaya a waɗannan, to ya sauka a Fagge ko a kan titunan da ke kewaye da ita, ko kuwa a Nasarawa da Bompai. A waɗannan unguwanni biyu na ƙarshe ne yawancin manyan otal-otal su ke, akwai shiru, akwai wurin ajiye mota, akwai mai gadi, sai dai tsada. Hakimin da ya zo da direba da dogari, nan ya fi dacewa da girmansa, amma a tambaya tun da wuri ko akwai ƙaramin ɗaki na 'yan rakiya, kada a wayi gari sun kwana cikin mota. Sabon Gari, wadda aka kafa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tana da masaukai masu yawa masu araha, ga ta kuma a bakin kasuwa, amma unguwa ce da ba ta barci da wuri, wanda kiɗa da hayaniya ke hana shi runtsawa ya yi tunani kafin ya kama ɗaki.

Hanyar da mutum ya shigo ita ma abin dubawa ce. Mai tahowa ta hanyar Zariya ta Na'ibawa da Unguwa Uku zai shigo, na hanyar Haɗejiya ta 'Yankaba, na hanyar Gwarzo ta Kabuga, na hanyar Katsina ta Dawanau. A ko wace mashiga akwai ƙananan masaukai, kuma gajiya ta kan sa baƙo ya faɗa wanda ya fara gani. Mai wannan rubutu ya taɓa yin haka, ya ji daɗin arahar ɗaki, da safe ya biya abin da ya rage a kuɗin abin hawa, ya kuma isa Kwari rana ta take.

Cikin birni kuwa ba a cika samun otal ba, sai gidan 'yan'uwa da abokan arziki. Babu mai musun cewa sauka a gidan zumu ya fi daɗi, ya kuma fi mutunci ga babban mutum, kuma ɗan gari ya fi ko wane dillali sanin kasuwa. Amma a yi lissafi da gaskiya. Akwai tsaraba, akwai gaishe-gaishe, ba a kuwa tashi daga gaban dattijo a ce ana sauri. Malamin da aka aiko da aiki gwamma ya kwana a masauki ya gama sayayyarsa, ran Lahadi da safe ya bi gidaje ya yi gaisuwa hankali kwance.

Kafin a biya kuɗin ɗaki a nemi a gan shi. A murɗa famfo a ga ruwa, a gwada makulli, a tambaya ƙarfe nawa a ke ta da janareta in an ɗauke wuta, ƙarfe nawa kuma a ke kashe shi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin da babu ko fanka ba ya kwanuwa a Kano. Da hunturu kuwa ruwan zafi za a tambaya. A karɓi rasit.

Lokaci da kuɗi

A duba kalanda kafin a sa rana. Asabar ɗin ƙarshen wata ita ce ranar tsabtace gari a Kano, a kan hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 10 na safe, kasuwa kuma ba ta kankama sai wajen azahar. Ran Lahadi shaguna da yawa a Sabon Gari a rufe su ke. Watan Agusta ruwa ya kan yi ƙarfi, a 2022 ma ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta ɓata dukiya mai yawa, don haka mai zuwa da damina ya tanadi leda ko tamfol na rufe kaya.

An hana acaɓa a cikin Kano tun 2013, abin hawan gari shi ne adaidaita sahu. In kana da kaya ka ɗauki shata, a daidaita kuɗi kafin ka hau. Mai motar kansa gara ya bar ta a masauki, gama wurin ajiye mota a kewayen Kwari wuya gare shi, wanda kuwa ya tsaya inda aka hana, jami'an Karota za su ci shi tara.

Bankuna ba su aiki Asabar da Lahadi. Ba dabara ba ce a cusa kuɗi masu yawa a aljihun riga a kutsa cikin taro. Yawancin masu shaguna yanzu suna karɓar tiransifa ta waya, amma a karanta sunan mai asusun da babbar murya mai shago ya amsa kafin a tura, a kuma riƙe 'yan canji na ɗan dako da abin hawa. Malamin da aka ba amana ya riƙa rubuta ko wane abu nan take, da kuɗinsa da lambar shagon, ya karɓi rasit ko da mai shago ya ce ba kome. Hakimi kuma, Allah ya ba shi nasara, zai sauƙaƙa wa malaminsa in ya faɗa masa tun a gida wane kaya ne tilas, wane ne in kuɗi sun ragu, domin farashi ya kan canja tsakanin zuwa da zuwa.

In Allah ya sa an gama ran Asabar, safiyar Lahadi ta isa a leƙa karofin Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 a ke rini da baba a cikinta, a ga marina da masu bugu, a wuce ta gaban babban Masallacin Jumma'a da aka gama gininsa a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, in da ƙarfi a hau Dala a ga gari. Amma a ɗaure kaya tun daren Asabar, a ƙirga ƙunshi a rubuta adadinsu, a kuma bar Kano kafin azahar domin a isa gida da sauran rana.