Daga Fakku zuwa Ikko: nisan sama da na ƙasa

Tsakanin filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato da na Murtala Muhammed da ke Ikeja a Legas, wato Ikko, kilomita 730 ne da 'yan kai idan jirgi ya miƙe sak. Lissafin ba wuya. Sakkwato na wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Legas kuwa digiri 6 da rabi. Kowane digiri kimanin kilomita 111 ne, ka ga an sami 700 da ɗoriya. Ragowar kuma saboda Legas ta ɗan karkata yamma ne. Jirgin fasinja mai gudun kilomita 800 a awa zai cinye wannan tafiya cikin kusan awa ɗaya.

Mutumin Fakku bai san wannan awa ɗayar ba. Garinsa na ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin jihar Sakkwato, wato tun daga ƙofar gidansa ya fi mutumin birni kusa da Ikko. Amma in jirgi zai hau, dole ya fara ba Ikko baya. Zai yi sammako ya fita Tambuwal, ya kama titin da ya taso daga Jega, ya nausa arewa ta Shagari da Bodinga. Daga Tambuwal kaɗai zuwa Sakkwato ana batun kilomita 100. Duk wannan ƙarin nisa ne, sai jirgi ya sake dawowa da shi ta sama.

Jirgin ma ba kasafai yake miƙewa ba. Galibi sai an bi ta Abuja: kusan kilomita 490 daga Sakkwato, sannan wajen 510 daga can zuwa Legas. An tashi 1,000 ke nan, ban da zaman jira. In kuwa lokacin hunturu ne hazo ya sauko, matuƙi ba ya hango titin sauka da kyau, sai a ɗage tashi, wani lokaci a soke, mutum ya nemi wurin kwana a birni.

Shi ya sa hanyar da mutanenmu suka sani ita ce ta ƙasa: Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, a haye kogin Kwara a gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Ibadan. Daga Sakkwato ta haura kilomita 1,000. Ta nan tireloli ke sauka da shanu da albasar Aliero, kuma a kansu ne 'yan ci-rani ke zama, kan katakon da aka gicciya bisa dabbobi, fuska naɗe da rawani saboda iska, kwana a hanya. Abin yana ci mini rai, domin waɗannan matasa su ne ke ciyar da gidaje da yawa, kuma su ne ake rasawa duk ranar da tirela ta kife.

A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wanda zai taso daga Illela. A ganina wannan titi ya fi kowane sabon jirgi shafar mutumin Fakku. Sai dai ba zai more shi ba muddin ba a gyara ƙananan hanyoyin da za su fito da shi da buhunansa daga ƙauye zuwa bakin kwalta ba, musamman da damina.