Gadon Sarauta: Yadda Ake Yi A Ƙasar Kano Da Yadda Ake Yi A Ingila

Mutumin Beli da ke cikin Ƙaramar Hukumar Rogo bai ɗaga ƙafa daga gidansa ba, bai kuwa sake gona ba, amma cikin shekara biyar sau uku ana sake masa sarkin da zai kai wa gaisuwa. Kafin 2019 yana ƙarƙashin Sarkin Kano ne, yadda ya tarar da iyayensa. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a kan dokar da ta kafa sababbin masarautu huɗu, watau Bichi, da Gaya, da Rano, da Karaye, aka ba Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu sandar Karaye mai daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke wannan doka, ƙasar ta koma hannun Kano. Sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka sake kafa masarautar Karaye, amma da daraja ta biyu, aka ba ta Karaye da Rogo kaɗai, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz, wanda dā shi ne Hakimin Rogo.

Wannan ya sa tambaya ta yi yawa a bakin jama'a, a kasuwa da inuwar bishiya: shin sarauta gado ce, ko kuwa kyautar gwamnati ce? Domin mu fahimci namu sosai, yana da kyau mu fara duba na waɗansu.

A ƙasar Ingila akwai wata babbar sarauta da suke kira Diyuk. Bayan gidan Sarki, ita ce mafi girma cikin sarautun gado na ƙasar. Dokar gadonta ɗaya ce tak: in mai riƙe da ita ya rasu, babban ɗansa namiji ya gaje shi a wannan rana. Ba masu zaɓe, ba kamun ƙafa, ba jiran takarda daga wani ofis. In ba ɗa namiji, sai a nemi ƙane ko ɗan ƙane daga zuriyar wanda aka fara naɗawa. In kuwa maza sun ƙare ƙaf, yawanci sarautar ta mutu ke nan.

Ga misali. A 1702 Sarauniya An ta naɗa wani jarumin soja, Jon Cacil, Diyuk na Malboro. A 1703 ɗansa namiji da ya rage masa ya mutu da ciwon agana. A 1704 Jon ya ci babban yaƙi da Faransa a wani wuri da ake kira Bilenim, har ƙasar ta gina masa fada mai wannan suna. Da aka ga sarautar za ta mutu tare da shi, sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman a 1706 domin 'ya'yansa mata su iya gado. Ya rasu a 1722, 'yarsa Henriyeta ta gaje shi, bayan rasuwarta a 1733 kuma sarautar ta koma wurin ɗan ƙanwarta. Ku lura, ko a nan ma ba wanda ya zauna ya zaɓi mutum. Dokar aka gyara, sa'an nan aka bi ta.

A cikin wannan fada ta Bilenim aka haifi Winston Cacil a 1874, mutumin da ya shugabanci Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. Jikan Diyuk na bakwai ne, amma da yake mahaifinsa ƙane ne, sarautar ta bi ta ɗakin wansa. Haka kuma a 2016, sa'ad da Diyuk na Wesminista ya rasu, ɗansa mai shekara 25 ya gaji sarautar ko da yake yana da yayye mata biyu. Dokar tasu ba ta duban hazaƙa, ba ta duban shekaru. Abin da take saya musu shi ne kwanciyar hankali, gama tun yaro yana goye kowa ya san magaji.

To, mu dawo gida. A ƙasar Hausa gida ne ke gado, ba ɗan fari ba. Kowane ɗan sarki yana iya sa rai, masu zaɓen sarki kuwa su tace. A Kano su huɗu ne: Madaki, da Makama, da Sarkin Bai, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Su ma sarautunsu na gidaje ne. Madaki daga Yolawa yake fitowa, Makama daga Jobawa, Sarkin Bai kuma daga Dambazawa.

Tun daga 1819, lokacin da Ibrahim Dabo na gidan Sulluɓawa ya hau gadon Kano, ba a taɓa yin sarkin da ba jininsa ba. Amma duba yadda abin ya tafi. Da ya rasu a 1846, 'ya'yansa uku suka yi sarauta bi da bi: Usman, sa'an nan Abdullahi Maje Karofi, sa'an nan Muhammadu Bello. Da a Ingila ne, da ƙannen nan biyu ba su ko ji ƙamshinta ba muddin wansu ya bar ɗa namiji.

Wannan hanya tana da amfani babba. Ana iya tsallake yaro ƙarami, ko marar lafiya, ko marar hali, a ɗauko dattijon da ya riƙe hakimci ya san ƙasa. Amma tana da nata tsada. Da Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi, da Yusufu a gabansu, suka ƙi yarda, suka fita zuwa Takai. Nan ne mafarin Yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi ragama ya ci birni a 1894, Tukur kuwa ya rasa ransa a 1895. Jikokin mutum ɗaya ne suka yi faɗan, amma garuruwan talakawa aka ƙone, 'ya'yan talakawa aka kama bayi.

Akwai kuma abu na biyu. Tun da zaɓe ake yi, dole a sami wani na sama mai tabbatarwa. Dā Sakkwato ce. A 1903 Turawa suka ci Kano suka naɗa Abbas. A 1963, a zamanin gwamnatin Sardauna, Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya bar gado ya koma Azare. A watan Maris na 2020 gwamnatin jiha ta tuɓe jikansa Muhammadu Sanusi na Biyu ta naɗa Aminu Ado Bayero, a watan Mayu na 2024 kuma wata gwamnatin ta mayar da Sanusi, magana ta kai gaban kotuna. Ko yanka masarauta ma ba a 2019 aka fara ba. Gwamna Abubakar Rimi ya kafa sababbi a zamaninsa, Sabo Bakin Zuwo ya rushe su a 1983. Sarki goma, zamani goma.

Wani zai ce, ina ruwanmu, tun da an karɓe kotu da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran? Ai ko a Ingila ma, dokar 1999 ta fitar da mafi yawan masu sarautar gado daga majalisar dattawansu, ta bar 92 kawai a lokacin. Gaskiya ne iko ya ragu. Amma mutumin ƙauye ya san inda ragowarsa take. Rikicin iyakar gona wurin mai unguwa yake farawa, ya je ga dagaci, ya kai ga hakimi. In shanu sun shiga dawa, can ake zama. Mai neman shaidar zama ɗan ƙasa domin ɗansa ya shiga makaranta ko aikin soja, da mai neman fili domin makaranta ko ɗakin sujada, duk ta wannan ƙofa suke bi. Musulmi da Kirista, dukanmu talakawan sarki ne. Duk ran da aka girgiza sama, hakimi yakan shiga tunanin rawaninsa, dagaci ya rasa wanda zai kai wa magana, ƙarar manomi kuma ta kwana har damina ta wuce.

Ba muna cewa a ɗauko dokar ɗan fari daga Ingila ba, gama dokar da ta tsallake mutum irin Winston Cacil ba abar sha'awa ba ce ta kowane fanni. Al'adarmu ta zaɓen wanda ya cancanta daga cikin gida ta fi dacewa da mu. Abin da ya kamata mu koya daga wurinsu shi ne riƙon ƙa'ida. Dokar da aka yi wa gidan Malboro a 1706 ta wuce shekara 300 ana bin ta, ta masarautar Karaye kuwa ba ta cika shekara shida ba aka soke ta.

Saboda haka, sa'ad da ɗan majalisar jiha ya zo neman ƙuri'a a Beli, ko Rogo, ko Karaye, a tambaye shi a fili: wace doka za ku yi wa sarauta wadda gwamna na gaba ba zai share ta da rana ɗaya ba? Su wa ke zaɓe, wane laifi ke tuɓe sarki, wa kuma zai saurari ƙararsa? 'Yan majalisar nan su ne suka ɗaga hannu a 2019, su ne kuma suka ɗaga a 2024, ƙuri'armu ce kuwa ta kai su can.

Allah ya ba sarakunanmu adalci, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.