Kula Da Fatar Fuska: Kowace Fata Da Irin Nata, Kowane Shekaru Da Buƙatarsu

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar fuska za mu yi. Kafin 'yan uwana maza su ce wannan hirar mata ce su wuce, don Allah ku tsaya. Ƙurar da take tashi a titin Zariya ba ta tambayar jinsi. Duk wanda yake bin hanyar nan kullum, daga gadar Dangi ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi har zuwa tashar Unguwa Uku da Ƙauyen Alu, ya san abin da yake gani a farin hankici idan ya goge fuskarsa da yamma. Hayaƙin adaidaita sahu, ƙura, gumi da rana, duk a fuska suke sauka.

Dalilin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, matasa da yawa suna kashe kuɗin da ba su da shi a kan mayukan da suke lalata musu fata. Wasu ma abin ya wuce fata ya taɓa ƙoda. Alhali abin da fuska take buƙata bai taka kara ya karya ba.

Mu fara da fatar kanta

A saman fata akwai wani siririn rufi da jiki yake haɗawa daga matattun ƙwayoyin fata da maiƙo. Aikinsa biyu ne: ya riƙe ruwa a ciki, ya hana datti da ƙwayoyin cuta shiga. Wannan rufin yana da ɗan tsami-tsami a halittarsa. Sabulun wanki da omo kuwa kishiyar haka ne, shi ya sa idan kika wanke fuska da su za ki ji ta ɗaure tamau kamar an ja ta. Mutane suna ɗauka alamar fuska ta fita ce. A'a, rufin ne aka kankare.

Sannan ga yanayin Kano. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da iska, ruwan fata ya riƙa tsiyayewa, leɓe ya fashe, fuska ta yi fari fat. A Afrilu zafi yakan haura maki 40, maiƙo da gumi su ƙaru. Da damina kuma danshi ya zo da ƙyasbi da ƙurajen zafi. Kenan man da ya yi maka daidai a Janairu zai iya yi maka nauyi a Afrilu.

Wace irin fata ce da kai?

Gwajin ba ya buƙatar ko sisi. Ka wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, ka tsane ta da tawul mai tsabta, kada ka shafa komai, ka jira kamar awa ɗaya a inuwa. Sai ka duba madubi.

Idan goshi da hanci da kumatu duk suna ƙyalli, fatarka mai maiƙo ce. Idan ta ɗaure tana neman yin gautsi, busasshiya ce. Idan goshi da hanci da haɓa ne kawai suke ƙyalli amma kumatu a bushe, fatarka haɗaka ce, kuma mutane da yawa a nan suke. Idan ba ɗauri ba ƙyalli, ka gode wa Allah, taka matsakaiciya ce. Akwai kuma fata mai saurin fushi, wadda da an shafa sabon mai ko sabulu mai turare sai raɗaɗi da ƙaiƙayi. Ita wannan tana iya haɗuwa da kowace daga cikin huɗun can.

Amfanin sanin wannan shi ne ki daina sayen mai don kawai ya karɓi ƙawarki. Fatarku ba ɗaya ba ce.

Abu uku na kullum

Na farko, wankewa. Sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da sabulu mai laushi da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Da yatsu ake wanke fuska, soso na jiki ne. Na dare ya fi muhimmanci, domin shi ne yake sauke ƙurar yini da hoda. 'Yar uwa, komai gajiyar biki, kada ki kwanta da kwalliya. Masu maiƙo kuma su sani, yawan wankewa da sabulu sau biyar sau shida ba ya rage maiƙon, sai ma ya fusata fatar. A lokacin sanyi a guji ruwan da ya yi zafi sosai, yana narkar da maiƙon da fata take kare kanta da shi.

Na biyu, shafa mai. Sirrin shi ne a shafa fatar tana da ɗan damshi, cikin mintuna kaɗan bayan wankewa, don man ya kulle ruwan a ciki. Mai busasshiyar fata ya nemi mai kauri: man kaɗanya, Vaseline, ko mai ɗauke da gilisarin. Mai maiƙo shi ma yana buƙatar mai, sai dai mara nauyi, mai ruwa-ruwa, wanda aka rubuta ba ya toshe ƙofofin fata. Mai haɗaka ya ba kumatu da yawa, ya rage wa goshi da hanci. Mai saurin fushi ya nemi wanda ba turare ba kala. Kuma da yake muna alwala sau da yawa a rana, a hunturu yana da kyau a ajiye ɗan ƙaramin mai a aljihu ko a jaka, a ɗan shafa bayan an idar, musamman a leɓe da kumatu.

Na uku, kariya daga rana. Na san abin da za a ce: mu baƙaƙe ne, me rana za ta yi mana? Gaskiya ne baƙar fata tana da kariyar da farar fata ba ta da ita, amma kariyar ba cikakkiya ba ce. Kuma babbar matsalarmu ita ce tabo. Ƙurji ɗaya zai fito ya warke cikin sati, amma ya bar baƙin tabo na watanni, kuma rana ce take ƙara masa duhu. Wanda yake da hali ya sayi man kariya daga rana, wato sanskirin, mai lamba SPF 30 ko sama, ya shafa da safe, ya ƙara idan zai daɗe a waje ko ya yi gumi. Wanda ba shi da hali, malafa da lema da neman inuwa tsakanin hantsi da la'asar suna taimakawa ƙwarai. 'Yan uwanmu zabiya kuwa, a wajensu wannan magana ce ta rai, domin rana tana jawo musu kansar fata tun suna matasa.

Kowane shekaru da nasa

Jarirai da ƙananan yara. Fatarsu ta fi tamu sirantaka, tana zuƙe abin da aka shafa mata da sauri. Ruwa, sabulun yara mara turare, da Vaseline ko man kaɗanya, shi ke nan. Jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa ake nema masa. A kula da kwalli ma, domin an gwada wasu nau'o'in kwallin gargajiya an samu dalma mai yawa a ciki, ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Daga shekara 12 zuwa 19. Lokacin ƙurajen balaga kenan. Sinadaran balaga suna sa jiki ya ƙara fitar da maiƙo, ƙofofin fata su toshe, ƙuraje su fito. Ba ƙazanta ba ce, don haka iyaye da yayye a daina yi wa yara gori. Dokar farko: kada a matse. Matsewa ce take haifar da tabo da ramuka. A kemis akwai sabulai da mayuka masu ɗauke da salicylic acid ko benzoyl peroxide, a fara da kaɗan, kuma a ba su sati 6 zuwa 8 kafin a yanke hukunci. Mai canza mai duk sati ba zai taɓa sanin wanda ya yi masa aiki ba. A riƙa wanke rigar matashi da hijabi da hula akai-akai, a goge fuskar waya.

Shekarun 20 zuwa 30. A nan tabo da kwalliya da aski suke shigowa. Samari, ƙurajen da suke fitowa a haɓa da wuya bayan aski, gashinmu ne mai lanƙwasa yake komawa ya soki fata. A daina ƙwalƙwale gemu har ƙasa, a bi inda gashin ya kwanta, a jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin a fara. Wanda zai iya, ya mallaki kilifarsa. Masu juna biyu kuma sukan ga kumatu da goshi sun yi duhu, sau da yawa yana raguwa bayan haihuwa. Kada mai ciki ta shafa mai ɗauke da retinol ko wani man cire tabo sai ta tambayi likita.

Daga 40 zuwa sama. Fata tana rage maiƙo, sinadarin kolajin da yake riƙe ta yana raguwa, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Iyayenmu suna buƙatar mai mai kauri da sabulu mai laushi fiye da mu. Idan za ka yi wa Hajiya tsaraba, man kaɗanya mai kyau ya fi mata man kanti mai ƙamshi da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Maganar mai haɗi

To, nan ne inda gizo yake saƙar. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata. A Fabrairun 2023, a nan Kano, shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Yanzu kuma ba a kiransa da sunansa. Za ki ji an ce man gyaran jiki, ko na amare, ko haɗin gida ne ba kemikal. Roba ce ba suna ba lamba, wadda ta haɗa ce kawai ta san abin da ta zuba.

Abu uku aka fi samu a ciki. Akwai sitiroyid, wanda za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone a jikin 'yan ƙananan tub ɗin nan da ake matsawa cikin man shafawa. Magunguna ne na gaske, likita yana rubuta su na 'yan kwanaki don wata cuta. Idan aka mayar da su man kullum sai fata ta sirance, jijiyoyi su fito raɗau, nankarwa ta ɓarke, ƙuraje su ƙaru, rauni ya ƙi warkewa, kuma idan ya shiga jini da yawa yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Akwai haidirokwinon, wanda daɗewa ana shafa shi yake haifar da baƙin nan mai kama da ƙuna a saman kumatu, mai wuyar magani. Sai zaiba, wadda take lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma tana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Abin da ya fi ciwo, har yara ake shafa wa yanzu, wai don kada dangi su fifita 'ya'yan wasu. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Saurayin da yake cewa shi sai fara ko da mayya ce, da uwar da take nema wa ɗanta farar yarinya, da mu da muke zolayar baƙi a makaranta, duk muna da hannu. Ba za mu tura mutum rami sannan mu yi masa dariya ba.

Wadda ta riga ta fara kuma tana son bari, kada ta ji kunya. Sai dai wadda ta daɗe a kan mai sitiroyid, idan ta tsaya rana ɗaya fuskar takan yi ja da raɗaɗi da ƙuraje, wannan ne yake mayar da mutane ruwa. A je wajen likita ya tsara yadda za a janye a hankali.

Na gida fa?

Man kaɗanya na asali yana da kyau, musamman a hunturu. Sabulun salo yana wanke maiƙo amma yana da ƙarfi, mai busasshiyar fata ya yi hattara. Dilka da kurkur a yi su jefi-jefi ba tare da dirza ba, kuma a tambayi mai gyaran jiki abin da ta haɗa a ciki. Lemon tsami, man goge baki, kanwa da tafarnuwa kuwa, a bar su inda suke. Lemon tsami idan ya haɗu da rana ƙuna yake yi. Duk sabon abu, a fara gwada shi a bayan kunne ko cikin hannu na kwana biyu ko uku kafin ya hau fuska.

Yaushe za a ga likita?

Idan ƙuraje manya ne masu zafi suna barin rami. Idan an yi wata biyu zuwa uku ana kula ba sauƙi. Idan wani tabo yana girma, yana canza kala ko yana zubar da jini. Idan ciwo ya ƙi warkewa. Mu mutanen Tarauni ma abin ya zo mana da sauƙi, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, kuma akwai likitocin fata. Kuɗin da za a kashe a ganin likita sau ɗaya bai kai na robobi biyar na mai haɗi ba.

A nan za mu dakata. Wanda yake da ƙanwa ko ƙane da ƙuraje suka dame shi, ko ƙawar da ake shirin kai wa gyaran jiki, ya tura masa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.