Baƙo a cikin keji: yadda ake samun amincewar aku mai tsoro

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce, littafin da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, ya san aku a matsayin tsuntsu mai hikima da zaƙin baki, wanda ya riƙe ɗan sarki da labarai. Da wannan sura yaranmu suka san shi. Shi ya sa ranar da aka shigo da aku cikin gida a Tamale, ko a Hausa Zango ne ko a Sakasaka ko Lamashegu, sai ka ga yara sun yi wa kejin zobe suna jiran ya yi sallama. Abin da sukan tarar kuwa shi ne tsuntsu ya maƙure a lungu, gashinsa a cuccure, yana wani irin gurnani mai kama da ƙarar tsohuwar ƙofa, duk wanda ya miƙa yatsa ya sha cizo.

Mafi yawan irin waɗannan tsuntsaye ba da shiri suke zuwa gidajenmu ba. Wani mai shi ne ya rasu, wani an yi ƙaura an bar shi, wani kuma an karɓo shi ne daga hannun wanda ya gaji da ihunsa ya daina ba shi abinci. Ko ta wace hanya ya zo, daga ranar ya zama amana a wuyan mutanen gida. Amanar kuma doguwa ce, domin aku yakan yi shekara 40 zuwa 60 a hannun mai kula da shi.

Daga ina tsoron ya samo asali?

Aku mai launin toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne. Mazauninsa a Ghana shi ne dazuzzukan kudu masu yawan ruwan sama da dogayen itatuwa, ba filayen kaɗanya da ɗorawa na ƙasar Dagomba ba. A can yana rayuwa cikin garke, yana kwana tare da ɗaruruwan 'yan uwansa, yana yin sheƙa a kogon manyan bishiyoyi. Kafin wanda aka kamo daga dawa ya iso Tamale, an ɗana masa sanda mai danƙo ko raga, ko kuma an ciro shi daga sheƙa tun yana ɗan tsako. An datse masa fiffike, an cusa shi cikin kwando ko akwati, an biyo da shi ta Kumasi da Techiman da Kintampo cikin zafi da girgizar mota. Da yawa ba sa kai ƙarshen irin wannan tafiya da rai. Wanda ya tsira kuwa, abin da ya koya game da hannun ɗan Adam abu ɗaya ne: hannu kamu yake yi. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Wannan ciniki ya yi wa ƙasar ɓarna mai girma. Binciken da masanin tsuntsaye ɗan Ghana, Nathaniel Annorbah, ya gudanar tare da Nigel Collar da Stuart Marsden, wanda aka buga a mujallar Ibis a 2016, ya nuna cewa tun daga 1992 Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na wannan tsuntsu, saboda kamu da kuma sare manyan itatuwa. A watan Oktoba na 2016, taron ƙasashen yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu ya sanya aku cikin rukunin farko na halittun da ake karewa, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga dawa tsakanin ƙasa da ƙasa.

Addininmu ma bai bar wannan babi ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fuka-fukai, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta. An kuma ruwaito cewa Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma daga nan malamai suka fahimci halaccin ajiye tsuntsu muddin za a ba shi haƙƙinsa.

Saboda haka shawararmu ta farko ita ce kada a sayi aku daga hannun mai talla, ko da don tausayi ne, domin kuɗin da aka biya shi ne zai sa a koma dawa a kamo wani. Idan sabon kamu ne ya faɗo hannunmu, a sanar da jami'an Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ta Ghana, waɗanda su ne ke kula da gandun Mole da gidan namun daji na Kumasi, kuma su ne ke ba da izinin ajiye irin wannan halitta a gida. Bayanin da ke tafe ya shafi tsuntsun da ya daɗe a hannun mutane har ba zai iya komawa dawa ya ciyar da kansa ba.

Makon farko: a bar baƙo ya huta

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗoki. A kwanakin farko aku ba ya bukatar wasa ko koyon magana, natsuwa yake bukata. A ajiye kejin a jikin bango, daidai tsayin ƙirjin mutum, a rufe gefe ɗaya da bayansa da zane domin ya sami wurin ɓuya. Kejin da aka ajiye a ƙasa yakan sa kowa ya zama ƙato mai sunkuyowa a kansa, wanda aka rataye a tsakar gida kuma yakan bar shi a fili ga mage da shaho. Wurin da ya fi dacewa shi ne inda zai riƙa hango mutanen gida suna harkokinsu ba tare da ana gogar kejin ba. Kejin ya zama mai faɗin da zai buɗe fuka-fukansa duka biyu, da rassan itace masu kauri daban-daban da zai tsaya a kai ya kuma gwaguya. A guji waya mai tsatsa ko mai ɓawon fenti, domin aku da baki yake taɓa komai.

A ware shi daga kaji da zabi da tantabaru har kamar kwana 30 zuwa 45, a kuma nuna shi ga likitan dabbobi. Muna da sa'a a nan, domin ban da ofisoshin likitocin dabbobi na cikin gari, akwai tsohuwar cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Pong-Tamale, kan hanyar Bolgatanga. Akwai wata cuta ta numfashi da mutum kan ɗauka daga ƙurar busasshen kashin aku, saboda haka a yayyafa ruwa kafin a share ƙasan kejin, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Tsuntsun da ya kumbura gashi yini guda, ya zauna a ƙasan keji, ko wutsiyarsa na motsi da kowane numfashi, ba kunya ke damunsa ba, ciwo ne, kuma ba a jira da shi.

Matakan kusantar juna

Aku halitta ce da ake farauta, shi ya sa ido biyu da suka kafe shi ke tuna masa da maharbi. Wanda zai fara sabawa da shi, gara ya zama mutum ɗaya mai sanyin hali, ya zauna nesa kaɗan, ya ba shi gefen jikinsa, ya ci gaba da aikinsa: tsintar shinkafa, ɗinki, ko karatu cikin murya ƙasa-ƙasa. Ma'aunin nisan kuwa tsuntsun ne zai faɗa. Inda ya fara gurnani ko ya manne gashinsa a jiki ya miƙe kamar sanda, nan ne iyakarsa ta yau. A ja da baya taku ɗaya a zauna. Gobe ko jibi iyakar za ta matso da kanta.

A tsayar masa da lokaci. Gidan da ke tashi da asuba ya riga ya sami tsarin da aku ke so: a buɗe zanen bayan gari ya waye, a sa abinci da sabon ruwa, a dawo a zauna kusa da shi bayan la'asar, a rufe shi bayan magariba domin yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru. Tsuntsun da ya san abin da zai biyo baya, tsoronsa yakan ragu.

Daga nan sai a gano abin da ya fi ƙauna, wato abin da yake fara ɗauka a cikin kwanonsa. A cire wannan daga abincin yau da kullum, a mai da shi kyauta. Da farko a jefa ɗan kaɗan a kwano a wuce ba tare da tsayawa ba, har ya fahimci cewa zuwan wannan mutum alheri ne. Idan ya fara ci a gaban mutum, sai a miƙa masa doguwar zangarniyar gero ko ta dawa ta tsakanin wayoyin kejin. Tsawon zangarniyar shi ne tazarar da ke tsakanin bakinsa da hannun da yake tsoro. Kullum ana rage tsawonta, har ranar da zai karɓi ƙwaya daga yatsu.

Bayan haka ne za a buɗe ƙofar keji, a cikin ɗakin da aka rufe tagoginsa aka kashe fanka, a bar shi ya fito don kansa. Kada a zura hannu a jawo shi, domin kejin nan shi kaɗai ne gidan da ya rage masa. A gabatar masa da ɗan reshe daidai ƙirjinsa, a riƙe kyautar ta yadda sai ya taka reshen zai kai gare ta, a riƙa faɗin kalma ɗaya tak, kamar "hau". In ya saba da reshe, hannu ya maye gurbinsa. Kowane zama kada ya wuce minti 5 zuwa 10, kuma a tashi tun yana cikin jin daɗi.

Cizo zai iya faruwa, kuma bakin aku ba abin wasa ba ne. Amma aku ba ya cizo sai ya yi gargaɗi: ƙwayar idonsa ta riƙa tsukewa tana buɗewa, gashin wuyansa ya tashi, ya buɗe baki. Wanda ya ga haka ya janye. In kuwa an riga an sha cizon, duka da tsawa da girgiza keji za su rushe aikin wata guda cikin daƙiƙa ɗaya. A sauke shi a hankali, a ba shi baya na ɗan lokaci. A kafa wa yara doka: ba tsokana da kara, ba zura yatsa, ba cire jan gashin wutsiya ko da wani ya ce zai saya.

Alamomin nasara ƙanana ne, amma mai lura zai gan su. Zai fara gyara gashinsa a gabanka, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya riƙa goga bakinsa na sama da na ƙasa in barci ya zo. Ranar da ya sunkuyar da kai ya buɗe gashin ƙeyarsa domin a sosa masa, ya ba da abin da a dawa sai abokin zamansa yake ba wa. Wani yakan kai nan cikin makonni, wani sai ya shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ci da sha da iskar Tamale

Gyaɗa zalla ba abinci ba ce ga aku. Tana da mai da yawa, ba ta da sinadarin ƙarfafa ƙashi, kuma wannan tsuntsu ya yi suna wajen ƙarancin sinadarin, har yakan kai shi ga farfaɗiya. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa tana lalata hanta da huhu. A haɗa masa gero da dawa da ɗanyar masara, dafaffen wake da dankali, ganyen zogale, karas, kabewa, gwanda, mangwaro da gwaba, da 'yar kwakwar manja jefi-jefi, wadda tana cikin abincinsa na asali. Abubuwan da ba a ba shi ko kaɗan su ne fiya, cakulan, kofi, shayi, abinci mai gishiri, da goro, duk da cewa shi ne abin karrama baƙo a wurinmu.

Huhun tsuntsu ba ya jure abin da namu ke jurewa. Hayaƙin gawayi, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, da tururin kaskon Teflon in ya yi zafi ƙwarai, duk suna iya halaka shi. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska kan bushe ta cika da ƙura, shi kuwa ɗan kurmi ne. A riƙa yi masa feshin ruwa mai laushi da hantsi, ko a ajiye masa faffaɗan kwano ya yi wanka, a kuma kare shi daga sanyin asuba. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, inuwa da ruwan sha mai sanyi su ne rayuwarsa. Bushewar fata da kaɗaici da zaman banza su ne kan sa aku ya riƙa fige gashin kansa.

Maganar da ake jira

Hankalin wannan tsuntsu ba tatsuniya ba ce. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana nazarin wani aku mai suna Alex, daga 1977 har mutuwarsa a 2007. Ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launuka 7 da siffofi 5, yana kuma ƙidaya abubuwa har 6. Halittar da ke da irin wannan fahimta tana tuna wanda ya cuce ta, tana kuma tuna wanda ya kyautata mata.

Duk da haka, ba kowane aku ne ke magana ba. Wanda aka kamo da girmansa yana iya ƙarewa a fito da kwaikwayon kukan zabi da ƙarar waya, kuma wannan bai rage masa haƙƙinsa na ci da sha da kulawa ba. Wanda ya buɗe baki kuwa, abin da ya fi ji a gidan shi zai maimaita a gaban baƙi, ko sallama ce ko zagi. Sai mu kula da abin da muke zuba masa a kunne, shi da yaran da ke zaune kusa da kejin.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da ya sanya a ƙarƙashin hannunmu, mai magana da marar magana. Amin.