Shin Ko Kun San Jarumin Zane Ba Ya Mutuwa?

Shin ko kun san Najeriya ta yi nata jarumin littafin zane tun 1975? Sunansa Powerman. Baƙar fata ne, ƙaƙƙarfa, yana tashi sama. A wancan lokacin, duk mako biyu ake fitar da sabon labarinsa. Kafin shi, yawancin mujallun zanen da ke shigowa ƙasar nan jarumansu Turawa ne.

To, me ke kayar da wannan sadauki? Saran maciji! Ƙato guda, amma maciji ne lagonsa. Manomin Sanyinna ko na Kebbe da ke kutsawa cikin ciyawa da damina ba sai an yi masa bayani ba.

Wani abin kuma, kowane ɗan akwatin hoto a shafi sai da aka sa masa lamba: 1, 2, 3. Wai don kada mai karatu ya ɓata hanya!

Yanzu ku gyara zama. Su wa suka zana shi? Wasu samari biyu 'yan Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland. A lokacin duniya ba ta san su ba. Da aikin Najeriya hannunsu ya faɗa.

Gibbons ɗin nan shi ne ya zana Watchmen a 1986 zuwa 1987, tare da marubuci Alan Moore. Fitowa 12 kacal. Kuma kun san daga ina jarumansa suka fito? Daga tsofaffin jaruman kamfanin Charlton, waɗanda kasuwarsu ta mutu, kamfanin DC ya saye su a 1983. Moore ya so ya yi amfani da su kai tsaye, DC ya ƙi, don labarin zai lalata su. Sai aka sake musu suna da kama. Captain Atom ya koma Doctor Manhattan. The Question ya koma Rorschach. Blue Beetle ya zama Nite Owl. Kayan da aka jingine, su suka haifi littafin da mujallar Time ta sa cikin fitattun littattafan ƙagaggun labarai 100 na Ingilishi a 2005. Shi kaɗai ne mai zane a jerin!

Shi kuwa Bolland, shi ya zana The Killing Joke na Batman a 1988.

Powerman fa? Shi ma ya farfaɗo. A 1988 kamfanin Eclipse na Amurka ya sake buga labaransa a fitowa 4, da sabon suna, Powerbolt.

Kada ku ɗauka Bahaushe baƙo ne a wannan sana'a ta farfaɗo da tsofaffin jarumai. Kun tuna Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951? Asalinsa gwarzon tatsuniyar Rasha ne, Ilya Muromets, wanda ya shekara 33 a kwance ba ya iya tafiya. Aka ɗauko shi, aka sa masa rigar Hausa, ya zauna daram. Da yawa sun karanta shi a makaranta ba su taɓa zargin baƙo ba ne!

Sarauniya Amina ta Zazzau ma ta shiga zane. Roye Okupe ya gina jarumarsa Malika a kan tarihinta, ya kira daularta Azzaz. Ku maimaita sunan da kyau, za ku ji ƙanshin Zazzau.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu jaruman suna nan jibge. Ga Gandoki na Bello Kagara tun 1934, mai takobi da yaƙi da aljanu. Ga Shago, ɗan damben da Ɗan Anace ya wasa har ya zama abin faɗa. Ga Gizo da Ƙoƙi.

Ɗalibin Sanyinna ko Tambuwal da ke cika bayan littafinsa da zane, da kai nake. Ɗauki fensir, ka fara da Gandoki, ka nuna wa abokanka shafin farko.